Sambal da Tsanin da Ya Rusuna

Duk layin masu gyaran keke babu wanda ya san ranar da aka fara kiransa Sambal, shi kansa ma bai sani ba. Sunan ya zauna masa ne kawai, don tun yana ƙarami ba ya iya haɗa ido da karkataccen abu ya wuce. Mahaifinsa kafinta ne, irin waɗanda ba sa zubar da tsohuwar ƙusa. Kullum da la'asar sai ya juye gwangwanin lanƙwasassun ƙusoshi a kan dutse, ya ajiye 'yar guduma a gefe. 'Yan'uwansa in sun ji ƙarar gwangwanin nan kowa sai ya nemi hanyar waje. Shi kuwa in ƙusoshin sun ƙare har leƙa gindin gwangwanin yake yi, ko da saura.

Da ya girma ya koyi gyaran keke, daga baya ya haɗa da walda, amma abin da ya yi suna a kai shi ne miƙar da wili. Ka kawo masa ƙafar keken da mota ta taka, ya ɗora ta a kan ƙarfen juyi, ya rufe ido ɗaya, ya ja wannan waya ya sassauta waccan, kafin shayinka ya huce tana juyawa ba ta ko rawa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, kuma yakan faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tambaya ba, cewa karkataccen abu bai taɓa fita daga ƙofar shagonsa ba.

Da a shago abin ya tsaya, da sauƙi. Ranar da ya fara zuwa gaida surukansa, ana tsakiyar gaisuwa ya miƙe ya gyara agogon bango da ya ɗan jirkice, ya dawo ya durƙusa ya ci gaba daga inda ya tsaya. In zai sayi ayaba sai ya yi ta jujjuya su yana neman miƙaƙƙiya, har mai ayabar ta hana shi tsayawa gaban tirenta. Mafi muni shi ne na kawunsa. Tsohon ya kawo sandarsa ta ƙarfe a sa mata roba a gindi, ya shiga shagon mai aski da ke jingine da na Sambal. Kafin a gama masa aski, ɗan ƙanwarsa ya gasa ƙugiyar mariƙin a wuta ya miƙar da ita tas, wai kyautatawa. Kawu ya fito ya riƙe sandar ta sama, ya riƙe ta ƙasa, bai sami inda zai dafa ba. Shekara biyu bai amsa gaisuwar Sambal ba, kuma har yau Sambal bai gane laifinsa ba.

Mai ɗakinsa ce kaɗai ta ci ribar wannan hali. In tana son ya wuni a gida ranar hutu, sai ta lanƙwasa cokali biyu-uku ta bar su inda zai gani.

'Ya'yansu biyar. Maza huɗun kowa ya kama gabansa, babu wanda ya gaji guduma. Ta biyar ita ce Auta, kuma ba ya ɓoyewa, ita ce ransa. Ita ce ta yi nisa a karatu har ta kai digiri na biyu a jami'a. In an tambaye shi me take karantawa sai ya ce, "Wani abu ne ƙanƙani, ido ba ya gani," ya ƙara da murmushin wanda ya san sauran bayanin amma ba ya son ya wahalar da mutane.

Wata safiya ta shigo shagon da takardu biyu a hannu, ta ture tsohuwar taya daga kan benci ta zauna.

"Baba, aiki na kawo maka."

"Keken wa?"

"Ba keke ba ne, tsani ne. Nan da wata ɗaya zan kare aikina gaban malamai, ina son in shiga da abin da za su gani su taɓa."

Ta juya bayan takardar ta fara zane. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halittar jikinsa akwai wani zare da ake kira DNA, shi ke ɗauke da duk gadon da ya ba ta, wannan hancin da wannan taurin kan.

"Taurin kan na uwarki ne," in ji shi.

"To, naku ne ku biyu. Zaren nan in ka ƙara girmansa, tsani ne da aka murɗa. Kowane mataki haruffa biyu ne suka riƙe hannun juna. Haruffan huɗu ne kacal, A da T da G da C. A ba ta riƙe kowa sai T, G kuma sai C."

Da ya ji kalmar murɗawa sai ya sha mur. Auta ta yi maza ta ɗauko sukuru daga cikin gwangwani ta ɗaga masa.

"Irin wannan, Baba."

Ya karɓa ya duba, ransa ya ɗan yi sanyi. Sukuru murɗaɗɗe ne, amma tsakiyarsa a miƙe take, ba shi da rigima da sukuru.

Ta ce matakai sittin take so, tsayin mutum. Wajen mataki goma da rabi tsanin ke yin zagaye ɗaya. Sai dai matakan ba lebur suke kwance a kan juna ba. Yadda mataki ke zama a kan ɗan'uwansa ya danganta da haruffansu, A a kan A zamanta daban, G a kan C daban. Takarda ta farko jerin haruffan ce daga ƙasa zuwa sama. Ta biyu kuma lissafi ne na ɗan ƙarfen da zai sa tsakanin kowane mataki biyu, mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen.

"Ka bi lissafin kawai, Baba, kada ka ƙara kada ka rage."

"Ni za ki koya wa awo?"

Abin da Auta ba ta faɗa ba shi ne, duk aikin da ta yi shekara biyu a kai yana magana ne kan yadda jerin haruffa ke lanƙwasa zaren. Tsanin nan in ya tafi daidai, dole ya karkace. Jiya da yamma ta tambayi uwarta yadda za ta gaya masa, uwar ta ce, "Ke, kada ma ki soma. Kina cewa karkatacce zai ce bayansa na ciwo. Ba shi lissafin kawai. In ya ga lissafi ne ya lanƙwasa abin, zai haƙura, ai yana jin maganar lissafi." Shekara talatin da aure, amma a wannan karon mai ɗaki ta yi masa gurguwar fahimta.

Sambal ya shiga aiki ba ji ba gani. Ya sallami masu kekuna, ya ce su je gaba. Ya yanka katako sittin, ya goge su sumul, ya yi musu fenti kala huɗu, ya rubuta haruffan da hannunsa. 'Yan ƙarafan nan na tsakani kuwa kowanne sau uku ya auna shi. Ya lura a tsakiyar jerin akwai wurare huɗu da A ta jeru biyar a jere, kuma kowane jeri yana farawa ne bayan mataki goma ko sha ɗaya da farkon na ƙasansa. Ya ɗauka ado ne.

Ranar haɗawa ya share shagon, ya kafa gindi, ya fara ɗorawa. Matakai goma sha biyun farko suka tashi suna murɗawa, tsakiya a miƙe, har yana ɗan waƙa. Da ya wuce jerin A na farko sai ya ga kamar abin ya ɗan kalli ƙofa. Ya ce idonsa ne. Ya wuce na biyu, abin ya ƙara kallon ƙofa. Waƙa ta tsaya. Kafin ya ɗora mataki na sittin, tsanin ya rusuna wa titi sosai, kamar saurayi gaban surukai, sai da ya tokare shi da kujera.

A daidai lokacin ne mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Ya kalli tsanin, ya kalli Sambal, ya koma ya kalli tsanin.

"Ikon Allah. Wa yake gaisarwa?"

"Ban gama ba."

"A'a, ka gama, wallahi ka gama. Yau na ga abin da kawunka ya yi shekara biyu yana roƙo." Ya juya yana ƙwala wa mutanen layi kira, Sambal ya ja ƙofa ya sa sakata.

Ya warware shi gaba ɗaya, ya sake auna kowane ƙarfe, ya sake haɗawa. Ya rusuna. Ya ari ma'aunin wani mai walda ko nasa ne ya tsufa, ya haɗa karo na uku. Ya sake rusunawa, ta wannan gefen dai, da wannan ladabin dai.

Ba dariyar mai aski ce ta dame shi ba, wannan ya saba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Yarinyar nan ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Tun tana sakandare take kawo ƙawayenta shagon, shi da baƙin mai har gwiwar hannu, ta ce, "Ga babana." Yanzu za ta tsaya gaban manyan malamai da karkataccen abu, wani ya ɗaga gira ya ce wa ya ƙera wannan, ita kuma dole ta amsa. In ya tuna haka sai abinci ya fita ransa.

Da mai ɗakinsa ta kawo masa abincin rana ta ga tsanin a rusune, fuskarta ta washe, ta ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau." Da gaske take yi. Shi kuwa ya ji maganar irin wadda ake yi wa mai jinya ce, a ce masa jiki ya yi sauƙi. Auta ta bugo waya ta ce ya turo mata hoto, ya tura mata hoton gwangwanayen fenti, ya ce sauran sai ta gani da idonta.

Sau biyu ya ɗauki magagari zai goge ƙarafan, sau biyu ya ajiye. Goge awo ha'inci ne, kuma shi ba ya ha'inci. Yana zaune ya zabga tagumi sai ga wata mai tallan kayan miya ta turo kekenta, wili na rawa, ta ce ba inda za ta je sai ya duba. Ya ɗora wilin ya juya, ya ga duk wayoyin gefe ɗaya ne ke ja. Ya ja na ɗaya gefen, wili ya miƙe. Sai ya tsaya da sufana a hannu, ya juya a hankali ya kalli tsanin.

Kowane jerin A yana ɗan kwantar da tsanin kaɗan. Da yake tsakanin jeri da jeri tsanin ya yi cikakken zagaye, duk kwanciyar huɗun ƙofa suke kallo, sai suka taru suka zama rusunawa. To in aka ƙara rabin zagaye a tsakani fa? Na biyu zai kalli bango, na uku ya dawo ƙofa, na huɗu bango. Rabin zagaye kuwa mataki biyar ne.

Bai ko saurari godiyar mai keken ba. Ya ciro matakai goma sha biyar daga can ƙasa da can sama, inda haruffan suke a cakuɗe, ya cusa biyar-biyar tsakanin jerin A ɗin, kowane mahaɗi da ƙarfen da lissafi ya ce. Ya hau kujera ya saki igiyar awo daga mataki na sittin. Dutsen igiyar ya sauka a tsakiyar gindi cif. In ka matso kusa za ka ga ɗan zillo, dama, hagu, dama, hagu, amma daga bakin ƙofa tsanin yana tsaye sambal.

A tunaninsa bai taɓa komai ba. Wayar keke talatin da shida ce, wadda ka ɗauka ka sa ta a ramin da ka ga dama, wili bai san bambanci ba. Matakai sittin aka ba shi, ga sittin nan, ko harafi ɗaya bai ɓace ba, ko ƙarfe ɗaya bai goge ba. Ya lulluɓe shi da zanen gado, ya ɗaure da igiya, ya ce ko uwar Auta ba za ta gani ba sai ranar. A ranar nan ya ci abinci har da ƙari.

Ranar kare aikin, ƙarfe goma za a fara. Motar maƙwabci ta sauke shi da tsanin saura kwata. Ya sa sabuwar riga, ya kankare baƙin mai daga farcensa. Ɗakin yana bene, da dogon tebur da kujeru uku a bayansa, da farin allo. Auta na tsaye ita kaɗai tana maimaita magana a ranta, leɓɓanta sun bushe. Ya san dalili. Malamar da aka gayyato daga wata jami'a don ta yi mata tambayoyi, wata Farfesa ce da aka ce in ba ta gamsu ba, ɗalibi kan koma ya ƙara shekara guda cur.

Ya kwance igiya, ya kama bakin zanen, ya fizge shi da ƙarfi yana murmushi.

Auta ta kalli tsanin daga ƙasa zuwa sama. Ta matso ta fara ƙirga haruffa da yatsa. Tana kaiwa na ashirin yatsan ya tsaya.

"Baba, me ka yi?"

"Na gyara shi. Da kin ga yadda ya fito da farko, da kin yi kuka. Amma ki ƙirga, sittin ne cif."

"Baba, karkatar ita ce aikin. Ita ce aikin gaba ɗaya. Shekara biyu ina auna karkatar nan."

Kafin ya ce komai ƙofa ta buɗe, malamai uku suka shigo. A gabansu wata gajeriyar dattijuwa ce da tabarau rataye a igiya, ɗauke da kundin Auta da ta cika shi da jan biro. Ba ta zauna ba. Ta sa tabarau ta karanta sunan aikin a allo, ta cire tabarau ta kalli tsanin da ke tsaye ƙiƙam.

"Wannan ne lanƙwasasshen?"

Sambal ya ji gumi na bin bayan sabuwar rigarsa.

"A'a, Farfesa. Mahaifina ne ya ƙera. Ni ce ban gaya masa zai lanƙwasa ba, don na san ba ya son karkataccen abu. Da ya ga ya karkace sai ya sauya jerin."

Ɗaya daga malaman ya yi tari mai kama da dariya. Farfesa ba ta yi ba. Ta zagaya tsanin sau ɗaya tana ƙirgawa, ta tsaya gaban Sambal, kanta bai wuce kafaɗarsa ba.

"Malam, me ka karanta?"

"Wili, ranki ya daɗe."

"Wa ya ce ka sa biyar-biyar?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Na ga duk gefe ɗaya suke ja, shi ne na juya rabinsu su ja ɗaya gefen. Haka muke yi."

"Me ya sa ba huɗu ba?"

"Da huɗu zai riƙa zagayawa yana neman inda zai faɗi."

Farfesa ta buɗe kundin ta juya wurin Auta.

"A shafi na arba'in kin ce wannan jerin zai lanƙwasa saba'in da biyu a ma'aunin kusurwa. Ban yarda da lissafinki ba, ga jan biro nan. Yanzu na sami mai raba mu. Malam, mayar da shi yadda takardarta ta ce. Ke kuma fara. In ya ba da saba'in da biyu, na janye. In bai ba da ba, za mu daɗe a ɗakin nan."

Allah ya taimaka, Sambal ba ya fita ba sufana a aljihu, ko da gidan biki za shi. Ya naɗe hannun sabuwar riga ya durƙusa. Haka aka yi kare aikin nan, Auta na magana, ƙarfe na ƙara. Duk sanda ta kai wuri mai muhimmanci sai noti ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur, malamin da ke gefe ya tare shi da takalmi ya turo masa ba tare da ya ɗauke ido daga allo ba.

Auta ta shiga bayanin aikinta dalla-dalla. Shi kuwa hannunsa na aiki, kunnensa na wurinta, karo na farko a rayuwarsa yana jin abin da take karantawa. Ta nuna hoton yadda ta tura zare iri biyu da wutar lantarki ta cikin wani abu mai kauri kamar daskararren sitaci. Haruffansu ɗaya, tsayinsu ɗaya, jeri ne kawai ya bambanta. Miƙaƙƙen ya wuce, lanƙwasasshen ya tsaya jan ƙafa a baya. Wannan Sambal ya gane sarai, ya sha fitar da karkataccen rodi ta ƙaramar ƙofa. Ta ce zaren ƙwaya ɗaya in an miƙe shi ya kai mita biyu, dole a naɗe shi kafin ya shiga wurin da ido ba ya gani. Ta ce sinadaran da ke karanta shi ba haruffa kaɗai suke dubawa ba, har lalube suke yi su ji inda ya lanƙwasa da inda ya tsuke, a nan wasunsu suke kamawa. Sambal ya tsaya da mataki na talatin a hannu. Wato da shi aka ba wa aikin jikin mutane, da ya miƙar da wurin kamawar duka.

Ya ci gaba. Da hannunsa ya ɗora jerin A na uku, yana ji tsanin na kwantowa. Ya ɗora na huɗu, ya ɗaure noti na ƙarshe, ya saki.

Tsanin ya rusuna, bai tsaya nan ba, ya nufi teburin malamai. Gindin da Sambal ya yi masa ɗan ƙarami ne mai kyau, na abin da zai tsaya a miƙe. Malamin da ke tsakiya ya ɗaga kundinsa ya kare kai. Sambal ya daka tsalle ya rungume tsanin a ƙirji, kumatunsa manne da wata G.

"Riƙe shi haka," in ji Farfesa. "Kada ka ja, kada ka tura."

Ta ɗauko babban ma'aunin kusurwa na allo, ta hau kujera, malamai biyu na riƙe da kujerar. Ta auna, ta sauko, ta goge tabarau, ta sake hawa ta auna. Sambal na jin bugun zuciyarsa a jikin katako.

"Saba'in da biyu," ta ce. Ta sauko ta ja layi a kan jan bironta. "Wanda ya yanka ƙarafan nan ya san awo."

"Sau uku yake auna kowanne, Farfesa," in ji Auta.

Aka ci gaba da tambayoyi har kusan awa ɗaya, Sambal na rungume da abinsa. Hannu ya yi tsami, ƙafa ta yi sanyi, hancinsa ya fara ƙaiƙayi, bai motsa ba. Daga ƙarshe aka ce Auta ta fita waje, malamai za su yi shawara. Ta fita ta ja ƙofa. Malamin tsakiya ya nuna Sambal da biro.

"Shi fa? Doka ta ce ba kowa a ɗaki."

"In ya saki, a kanka zai faɗo," in ji Farfesa. "A bar shi, ai gindi ne. Malam, gindi ba ya ji, kuma ba ya magana. Ka gane?"

"Na gane, ranki ya daɗe."

Sai suka manta da shi. Ya tsaya nan yana ji ana maganar 'yarsa kamar ba ya wurin. Ɗaya ya ce babi na uku yana buƙatar gyara. Ɗaya ya ce hotunanta sun fi nasa na lokacin da yake ɗalibi. Farfesa ta rufe kundin ta ce shekara ashirin tana wannan zama, ɗalibai nawa ta gani in abu ya ɓaci sukan ɗora wa na'ura, ko direba, ko wutar lantarki. Wannan ga ubanta a tsaye da laifi a hannu, amma ta ce ita ce ba ta gaya masa ba. Ta ce yarinyar ta san aikinta, kuma za a iya yarda da awonta. Ta sa hannu a takarda, ta tura wa sauran.

Hawaye suka zubo wa Sambal. Ya yi ƙoƙarin goge su da kafaɗa, tsanin ya yi ƙara, ya fasa. Suka gangaro ta gefen hanci suka shiga gashin baki, ga hannu biyu duk a cike.

Aka buɗe ƙofa aka kira Auta. Ba ta kalli malamai ba, fuskar ubanta ta fara nema. Da ta ga yana kuka shaɓe-shaɓe sai ta tsaya cak, jikinta ya mutu, takardun hannunta suka fara zamewa.

Farfesa ta gyara murya za ta fara dogon jawabin da aka saba. Sambal ya kalli dattijuwar, ya kalli 'yarsa da ke shirin zubewa.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni," ya ce. "Auta, kin ci. Zo ki share min fuska."